Hannun Birin Daudawa

A tashar Faskari, ana jiran motar Sabuwa ta cika, Malama Hamida mai koyar da kimiyya ta hango tarkon ƙarfe ɗaure a buhun wani dattijo.

"Baba, wannan na kama mene ne?"

"Na birai ne, Malama. Sun addabi masarata a Daudawa, na aro shi. Mayar wa mai shi zan yi."

"Bai kama ba?"

"Ya kama. Uwa ce, da ɗanta manne a cikinta. Da na matso, sai ta miƙo mini hannu. Yatsu biyar, farce shimfiɗe irin namu, har zanen tafi akwai. Ikon Allah."

"Abin da muke koya wa yara ke nan. Babban yatsan nan ke ba su riƙo, idanunsu kuma duka a gaba suke, shi ya sa ba su cika kuskuren reshe ba."

"Ni dai da idanun nan ta dube ni. Na buɗe tarkon."

"To masarar fa, Baba?"

"Jiya ma uwar ta dawo. Na tsaya ina kallon yadda take ɓare ta a natse. Sai da ta cinye uku na tuna korarta na zo yi."