Wa Za Ya Kai Ni Dauran?

A tashar Zurmi, wata tsohuwa da hannunta a ɗaure ta tsaya gaban wani dattijo ɗan kabu-kabu.

"Malam, ina shugabanku? Ƙara na kawo. Wani tsoho irinka ya zubar da ni cikin rami ranar kasuwar Moriki. Dubi hannuna! Ko tuwo ba ni iya tuƙawa."

"Allah shi sawwaƙe, Inna. Shugaba ya tafi Ƙaura."

"Kullum ya tafi Ƙaura! Ku da furfura ta cinye ku, mi kuke nema bisa babur? Kai ma ga yana ta fito fara fat a idonka. Kana ganina kuwa?"

"Ina ganin inuwarki."

"La'ilaha! Koma gida ka riƙe tasbaha, ka bar ma ɗanka sana'ar."

"Ai na bar mashi. Bara 'yan bindiga suka tare shi hanyar Dauran, shi da mashin ɗinsa, har yau shiru. Tsohon mashin ɗina na tada. 'Ya'yansa na gidana, kuma ba su cin tasbaha."

Ta juya wajen samarin da ke zaune bisa baburansu. "Wa za ya kai ni Dauran?" Babu wanda ya ɗago kai.

"Ba su bin wagga hanya, Inna. Mu da muka ci zamaninmu aka bar ma ita."

Ta yi tsaki, ta tattare zane, ta hau bayansa.

"Tafi sannu. In na ce rami, ka kauce. Ƙarata kuwa tana nan, har da kai ciki."