Fassarar Japa

A tashar Jega motar Maiyama ta ƙi cika. Malam Abdulmumin ya kasa zama wuri ɗaya, ya miƙa wa wata malamar makaranta wayarsa.

"Ɗiyata, ɗana ya rubuto daga Legas wai zai yi japa. Mi ke nan?"

"Barin ƙasa ne, Baba. Tafiya Turai."

"Kamar ci-rani? Su dawo da damina?"

"Nawa ɗan ma haka ya ce mini. Damina shida ke nan."

Ya karɓi wayar yana jujjuya ta. "Ke ce ta huɗu da na tambaya tun safe."

"Sauran me suka ce?"

"Abin da kika ce. Mai wata fassarar nake nema. Gonarsa na nan, na hana kowa shuka ta."