Rigar Ceto a Jikin Katla

A rumfar shayi ta bakin tafkin Kaptai na ji wannan, ranar da aka ɗage dokar hana kamun kifi. Wani saurayi ne jiƙe sharkaf, rungume da ƙaton kifi irin wanda ake kira katla, ya tare wani dattijo mai sandar fatsa. Ban ga mai hankali a cikinsu ba.

"Kawu, dubi katla! Kilo goma sha huɗu! Wata uku hukuma ta hana mu, ashe kiwata mini shi take yi!"

"Masha Allah! To, me ya kawo rigar ceto jikin kifi?"

"Iska ce ta taso muna tsakiyar tafki, jirgi ya fara shan ruwa. Na ce ko mun kife, wannan kam ba zai nutse ba. Sai na tuɓe tawa na ɗaura masa."

"Ka iya iyo ke nan?"

"Ni? Ko a kududdufi ban taɓa ba."

"Haba, ɗana! Wanda aka haifa a ruwa ka ba riga, kai ɗan tudu ka zauna haka?"

"Kawu, ka san tsadar man inji kuwa? In koma hannu rabbana, ai matata ce za ta nutsar da ni!"

"Da gawarka za a kai mata. Wauta ce tsantsa! Shekara talatin ina fatsa, ban taɓa…"

Dattijon ya shafa cikin kifin, sannan ya rage murya.

"Daidai ina ya ci ƙugiyar?"

"Bayan tsibirin can. Amma fa iskar ba ta kwanta ba, Kawu."

Dattijon ya bar shayinsa rabi, ya nufi wajen jirage da sassarfa.