Kalli Ba Shi da Tarin Fuka

Kalli ba shi da tarin fuka! Jikana Kalli, ɗan 'yata A'i, huhunsa lafiya lau. Ga takardar likita a hannuna, ni da kaina na karanta ta. Ku gafarce ni, murna ta sa magana ta riga gaisuwa.

Shugaban taro, kuma shugaban kwamitin kokowa na unguwarmu, Malam Usmanu, Bulama da dattawansa, Malam Liman, tsofaffin 'yan kokowa da makaɗansu, iyayenmu mata da ke zaune can baya, 'yan uwana manoman tattasai da kuka baro bakin kogin Komadugu kuka shigo Diffa, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum. Ni ne Grema, kun san ni. Na gode da aka ba ni bakin magana, ko da yake sai da na roƙa sau biyu.

An tara mu yau don a rubuta sunayen waɗanda za su shiga fili ranar Lahadi. Kafin a rufe takardar nan, ku saurare ni.

Da farko zan faɗi abin da aka yi wa yaron nan. Shekara biyu ke nan, duk lokacin da ya yi gudu ko ya kama kokowa jikinsa ya yi zafi, sai maƙogwaro ya cika masa, ya yi ta gyaran murya, ya yi tari, ya koma gefe ya tofar. Iyakar abin da kuka gani ke nan. Ba ku ga jini ba, ba ku ga zazzaɓi ba, ba ku ga ya rame ba. Amma aka samu mai cewa tarin fuka ne, kafin sati maganar ta kai kasuwa. Samarin da suka tashi tare suka daina kama shi. In ya doso fili sai ka ji an ce, "Ga mai kakin nan, kowa ya ja baya." Uwarsa tana sayar da fura, masu saye suka koma wajen wata. A gidan biki aka ware masa kwano.

Na je wajenka, Malam Usmanu, ban manta ba. Ka ce mini, "Baba Grema, kokowa ƙirji da ƙirji ake yi. In bar shi ya huro wa 'ya'yan mutane?" Na ce a kai shi a gwada. Ka ce, "Mai ido ba ya bukatar gwaji, ai muna ji."

Na biyu, laifina, don kada a ce tsoho ya zo ya wanke kansa. Ni ma ban kai shi likita ba. Wajen wanzami na kai shi. Ya leƙa bakinsa ya ce, "Belu ne ya yi tsawo, shi yake sosa masa wuya. Riƙe mini kansa." Na riƙe. Da hannayen nan na danne kan saurayi ɗan shekara goma sha bakwai aka yanke. Kwana uku ko kunu bai iya haɗiyewa ba. Da ya warke ya fita gudu, tarin ya dawo yadda yake. Bai taɓa yi mini maganar ba, har yau.

Na uku, abin da likita ya gano. Daga baya na kai shi asibiti, aka gwada kakinsa sau uku, aka ɗauki hoton ƙirjinsa, babu komai. Sai likitan ya ce masa, "Kai ɗan kokowa, yaushe abin yake zo maka?" Ya ce, "In na yi gudu." Ya ce, "Ina kake gudun?" Kalli ya ce, "Bayan gari, inda ake shanyar tattasai, don can ne ba kowa." Likita ya ajiye biro, ya dube ni, ya ce, "Baba, majina ce kawai. Wasu mutane in jikinsu ya yi zafi hancinsu yakan kawo ruwa. Nasa ba ya fita ta gaba, ta baya yake gangarawa cikin maƙogwaro. Ba ta kama kowa. Ƙurar tattasai kuwa ƙara ta take yi."

Kun ji? Ku kuka kore shi daga fili, ya rasa wurin motsa jiki sai tsakiyar shanya, tarin ya ƙaru, kuka ce ai ga shi nan, mun faɗa. Shekara biyu, cikinmu babu wanda ya yi masa tambaya biyun nan, har ni.

Ga maganin, ku riƙe, don na san ba shi kaɗai ba ne, akwai masu ɓoyewa. A tafasa ruwa, a sa gishiri kaɗan, a bari ya huce, a shaƙa a fyace kafin a fita da bayan an dawo. Kada a faɗa gudu gaba ɗaya, a fara da tafiya har jiki ya ɗauka. A sha ruwa sosai. A nisanci shanya da inda ake daka, in dole ne a rufe hanci da ƙyalle. An kuma rubuta masa wani magani na fesawa a hanci. Likita ya ce in tari ya daɗe, ko ya zo da jini, ko zazzaɓi, ko rama, wannan a garzaya asibiti, ba wajen wanzami ba. Sati shida ke nan Kalli yana haka. Yakan gyara murya wani lokaci, ba zan yi muku ƙarya ba, amma numfashinsa ba ya yankewa.

Karatuna na ajin manya ne na yamma, da furfura na zauna aji ana yi mini dariya. Ya ishe ni in karanta takardar nan, ya kuma ishe ni in gane sunan jikana in an rubuta shi. Malam Usmanu, ba haƙuri na zo a ba ni ba. Suna ɗaya nake so a ƙara, ina tsaye ina kallo.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare harsunanmu daga abin da ba mu sani ba, Ya albarkaci gonakinmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode da sauraro.

Gobe Lahadi da hantsi Kalli zai ɗaura ɗamara a fili, ko an rubuta shi ko ba a rubuta ba, zai jira mai kama shi. Ku zo ku gani, dukanku. Wanda har yanzu yake tsoro ya tsaya daga nesa, filin da faɗi, amma ya zo.