Zanen Kujerar Mallawa

A tashar Magariya, ana jiran motar Dungas ta cika, wani dattijo ya dubi kwalin da na kusa da shi ya rungume.

"Malam, rediyo ne?"

"A'a Baba, injin sassaƙa ne. Sha'awa ce kawai, in na taso daga lakwal, makarantar da nake koyarwa."

"Inji ke sassaƙa?"

"Sai an sa masa lojisiyel, mai gaya masa inda zai yanka. Wani jika ɗari uku ne duk shekara."

"Subhanallahi! Kuɗin bijimi!"

"Shi ya sa zan ɗauki na kyauta. Ka ba shi zane, awa guda ya gama. Ga wanda zan fara, a kasuwar Mallawa na ɗauki hoton."

Dattijon ya karɓi salular malamin, ya kai ta kusa da idonsa.

"Innalillahi! Ni na sassaƙa kujerar nan! Kwana shida na yi a kanta. Mahaifina ya koya mini zanen, 'ya'yana duk sun ƙi koyo."

"Wallahi ban sani ba, Baba. Bari in goge."

"Dakata. In injin ya koya, yana mantawa?"

"Ba ya mantawa."

"To ka zo gidana. Akwai zane sha ɗaya da ba ka gani ba."