Mai Kunne, Makanikin da Ya Ƙi Sakin Motar Asibiti

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan zama, Malam limamin unguwa, babban likitan asibitinmu da ya baro aiki ya zo, shugaban ƙungiyar makanikai da jama'arsa, 'yan'uwana direbobi, Hajiya mai ɗakin marigayi, 'ya'yansa da jikokinsa, maƙwabta maza da mata, ina gaishe ku, ina kuma yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Da aka ce ni zan yi magana a madadin jama'a, sai da na ce a sake dubawa. Ni ba malami ba ne, direba ne. Shekara ashirin da shida na yi ina jan motar ɗaukar marasa lafiya kafin in ajiye aiki, jawabin da na iya bai wuce "a ba da hanya" ba. Amma Hajiya ta aiko ta ce ni take so, wai don duk cikin abokansa ni na fi faɗa da shi. Ban musa ba, don gaskiya ta faɗa.

Mako uku ke nan da Allah Ya karɓi ran mutumin da duk muke kira Mai Kunne. Yaran yanzu ba su san dalilin sunan ba. Lokacin da muka san shi, in ka kawo mota ba ya tambayarka abin da ke damunta. Cewa yake ka tayar. Sai ya ɗauki wani dogon ƙarfe, ya ɗora tsininsa a jikin inji, ya kara ɗaya gefen a kunnensa, ya lumshe ido. In ya buɗe ido sai ya ce, "Bawul na uku ne." In aka kwance injin, sai a tarar na ukun ne.

Ya kasance mutum mai tsari. Duk wanda ya taɓa shiga garejinsa ya san allon nan na bango, inda ya kafa ƙusoshi ya zana siffar kowace sifana da farin fenti, don in ɗaya ta ɓata gurbinta ya tona asiri. Ya san bencin da aka tokare ƙafarsa da mataccen batir. Ya san rediyon da ke kan taga, wanda ba a taɓa kunnawa ba in inji na aiki.

Ya kasance mai taurin kai, wannan ba zan ɓoye ba don ya rasu. Ya kasance mai nawa a aiki. Mun sha tsayawa a kansa muna duba agogo, shi kuwa yana goge noti ɗaya kamar zai kai shi gasa.

Wajen shekara goma sha biyu da suka wuce, Allah Ya jarrabce shi ta inda ya fi ƙarfi. Jinsa ya fara raguwa. Hajiya ce ta fara lura, don sai ta kira shi sau uku kafin ya waiwayo. Wata rana da hantsi na same shi zaune a bakin ramin gareji, ƙarfen nan a kan cinyarsa. Ya ce mini, "Direba, injuna sun daina yi mini magana." Na zauna kusa da shi kawai.

Da wani ne, da ya rufe garejin. Shi kuwa gida ya koma ya sami babbar 'yarsa, wadda ta karanta lantarkin mota, ya ce ta koya masa aiki da kwamfutar da ake jonawa a mota ta nuna abin da inji ke ciki. Yana da shekara hamsin da takwas a lokacin. A teburin cin abinci suka yi karatun, da littafin rubutu irin na 'yan firamare. Hajiya ta ba ni labari tana dariya, ta ce daga kicin take jiyo 'yar tana cewa, "Baba, a hankali, madanni ne, ba noti kake warwarewa ba." Tun daga lokacin ya daina kiranta da sunanta. Malama yake ce mata, har ya koma ga Allah.

Yanzu bari in zo ga faɗan da Hajiya take nufi.

Asibitinmu yana da motocin marasa lafiya biyu, iri ɗaya, shekarunsu ɗaya. Dukansu sun gaji. Akwai dogon hawan nan na bayan gada, a hanyar babban asibiti, inda in ka ɗauko mara lafiya da ma'aikaciyar jinya da tukunyar iskar numfashi, sai ka ji motar tana roƙonka. Sai wata ƙungiyar masu taimako ta kawo mana kyautar kaya: bututun shaƙar iska mai faɗi, da sabuwar salansa tun daga wuyan inji har baya. Aka ce in an ɗaura, mota za ta ƙara ƙarfi. Mai kula da motocinmu ya ce in kai tawa wurin Mai Kunne, abokin aikina kuma ya kai tasa wurin waɗanda suka sayar da kayan.

Kafin azahar ya gama ɗaurawa. Aka tayar. Jama'a, ban taɓa jin motar nan ta yi murya mai daɗi haka ba. Na miƙa hannu zan karɓi makulli, sai ya jefa shi cikin aljihun rigar aikinsa.

Na ce, "Yaya dai?"

Ya ce, "Ba ta fita yau."

Na ce, "Ba ka ji yadda take kuka ba?"

Ya ce, "Ni ban ji ba, amma na gani." Ya juyo da fuskar kwamfutar wajena. "An buɗe wa injin nan hanyar shigar iska, an buɗe masa ta fitar hayaƙi, amma ƙwaƙwalwar motar ba ta sani ba. Na'urar da ke auna iska an mayar da ita cikin bututun da ya fi na da faɗi, don haka ƙarya take gaya mata. Iska ta ƙaru, fetur bai ƙaru daidai da ita ba. A cikin gari ba za ka ji komai ba. Ranar da ka taka totur a hawa, da kaya, da zafin rana, wutar ciki za ta fi ƙarfin fistin. Sai an saita."

Na ce, "Kwana nawa?"

Ya ce, "Biyu. Sai Malama ta zo mun bi ta mataki-mataki."

Kwana biyu, ga mai ɗaukar marasa lafiya, ba ƙaramin abu ba ne. Ga abokin aikina ya riga ya bugo waya yana mini tsiya, tasa ta fito tana kan hanya. Raina ya ɓaci. Na faɗi maganar da har yau in na tuna nake jin nauyinta. A gaban mutane na ce masa, "Kunnenka ne ya mutu, shi ya sa kake fakewa da kwamfuta." Kuma na ɗaga murya sosai, don in tabbatar ya ji.

Ya ji. Ya shiga motar ya ce in hau, muka je muka hau hawan nan sau ɗaya, ya tsaya a gefen titi, ya jira inji ya huce, ya kwance fulogi ɗaya ya ɗora mini a tafin hannu. Bakinsa fari fat kamar alli. Ya ce, "Lafiyayye kalar shayi da madara yake yi. Wannan ba kunnena ne ya faɗa ba." Muka komo. Makullin bai bar aljihunsa ba sai da kwana biyun suka cika. Mai kula da motoci ya zo da kansa, ya yi lallashi, ya yi barazanar daina kawo masa aiki. Ya ce, "In kuna so in mayar da tsofaffin kayan, yanzu in mayar ku tafi. Amma da waɗannan, ba a saita ba, ba za ta fita daga hannuna da mutum kwance a bayanta ba."

Na karɓi motata a rana ta uku, ban yi masa godiya ba.

Bayan wata biyu, da tsakar rana, aka kira ni. Abokin aikina ya ɗauko wani magini da ya faɗo daga saman bene, jini na zuba, a tsakiyar hawan nan inji ya buga ya tsaya cik. Na isa cikin minti goma sha huɗu. Muka juye mara lafiyar zuwa tawa. Na taka totur har ƙasa, ina hawa ina salati, ina jiran in ji abin da nake tsoro. Motar ta haye kamar a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Maginin nan yana cikin ɗakin nan, ga shi can a layi na uku da sandarsa, shi ya ce in faɗa. 'Ya'yansa biyu an haife su ne bayan wannan rana.

Da aka jawo matacciyar motar garejin Mai Kunne aka buɗe, fistin ɗaya ya huje, babban yatsa yana wucewa ta ramin. Ina tsaye ina jiran ya ce ai na faɗa muku. Bai ce ba. Abin da ya tambaya shi ne, "Mutumin ya rayu?" Na ce ya rayu. Ya ce alhamdu lillahi, ya ci gaba da aikinsa. Na matsa kusa na ce, "Yaya, ka yafe mini maganar da na faɗa maka." Ya kara hannu a kunne ya ce, "Me ka ce? Ai ka san ba na ji." Sai da ya sa na maimaita sau uku, ana ta dariya, sannan ya rungume ni da hannunsa mai baƙin mai. Rigar da na sa ranar tana nan, tabon bai fita ba.

Kada wani ya ɗauka kowa ya zo sai ya ce masa a saita. Ya kasance mai faɗin gaskiya ko da za ta hana shi aiki. Wata malamar makaranta, maƙwabciyarsu, salansarta ta ruɓe aka canza mata tukunyar baya kawai, wani ya tsorata ta cewa injinta zai ƙone. Ta zo hankali a tashe. Ya jona kwamfuta, ya duba, ya ce, "Malama, tafi abinki. Wannan ɗan canjin motar da kanta take daidaitawa." Haka yake gaya wa kowa. In tukunyar baya ce, ko matatar iska mai girman ta asali, yawanci ba komai. In an taɓa bututun da na'urar awo take, ko salansa daga wuyan inji, sai an saita. Abin da ke tsakani kuwa, kada a yi gardama, a auna.

Ya kasance uba ga waɗanda ba shi ya haifa ba. Mun tuna lokacin da samarin unguwa suka shiga yayin ɗaura manyan salansa, suka hana mu sakat da ƙara. Mu dattawa muka zauna muna shawarar kai ƙara. Shi ya ce a ba shi wata ɗaya. Ya buɗe garejinsa kowace Asabar da safe, ya ce duk mai son motarsa ta yi gudu ya zo. Suka zo, don sun ɗauka zai ƙara musu ƙara. Ya riƙa nuna musu a fuskar kwamfuta cewa rabinsu ƙarfin motarsu raguwa ya yi, mai kawai suke ƙonawa. Ya ajiye hujajjen fistin nan a kan tebur, kowa ya ɗauka ya jujjuya. Bai zagi kowa ba. Unguwa ta yi shiru a hankali, kuma huɗu daga cikinsu yau da wannan sana'ar suke ciyar da iyali.

Hajiya, shekara arba'in da ɗaya kina ajiye abinci yana hucewa, don ya ce saura noti ɗaya. Kin wanke kayan aikin da sabulu ke gudu. Duk motar da ta fita lafiya daga garejin nan, da haƙurinki a ciki. Mun sani, kuma mun gode. Ƙofofinmu a buɗe suke gare ki, ba yau kaɗai ba.

Ku 'ya'yansa, mahaifinku bai bar muku abin kunya ba. Babu inda za ku shiga a ce ga ɗan wanda ya cuce ni. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe junanku. In kun ji kewarsa ta yi yawa, ku zo wurinmu, muna da labaransa da ba ku taɓa ji ba, wasu ma bai so ku ji ba.

Ya rasu ranar Talata da hantsi. Ya ce ƙirjinsa na masa nauyi, ya wanke hannu, ya zauna a benci, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ya bar motoci uku a buɗe a gareji. Babbar 'yarsa ta ce in sanar a nan: masu su su zo ranar Litinin da safe. Biyu ta gama. Ta ukun ta ce mai ita ya yi haƙuri, akwai abin da ba ta gamsu da shi ba tukuna.

A madadin iyali, ina godiya ga likitoci da ma'aikatan jinya, ga makanikan da suka rufe wuraren aikinsu ranar jana'iza, ga matan unguwa da ba su bar Hajiya ita kaɗai ba, da duk wanda ya tako ya zo yau.

Ya Allah, bawanKa ya zo gare Ka. Mun shaida ya tsare amanar da aka ba shi, ya ji tsoron a cutu ta hannunsa. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Rayukan da suka isa gida lafiya ta dalilinsa, waɗanda ya sani da waɗanda bai sani ba, Ka sanya su a mizaninsa. Ka ba iyalinsa haƙuri, Ka albarkaci bayansa. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Amin. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.