Baitin da Saleh Ya Ƙi Rerawa

Shugaban wannan zama, Alhaji Na'ibi. Limaminmu, Malam Abdulghaffar. Dattawan unguwar Sa'alaba da na unguwar Kurayyat, 'yan'uwana Hausawa mazauna ƙasar Larabawa. Samarinmu 'yan wasa. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ni ne Mahmudu, wanda kuka ɗora wa shirya wasan kwaikwayon sallar bana. Na gode wa mai ba da fili, na gode wa mai aron fitila, na gode har wa maƙwabtan da muka cika wa kunne da ganga.

Magana ta farko, wasa ya nuna, sai ci. Waƙoƙinsa duk da Larabci suke, ban da baiti ɗaya na Hausa, inda matafiyi yake tuna gida.

Ta biyu ita ce ta tsayar da ni. Saleh, wanda Allah ya ba muryar da ya hana mu, ya ce ba zai rera baitin ba. Ya ce mini, "Ya ammi, baffana, abokan aikina na tashar jirgin ruwa za su zo. Ban taɓa Hausa a gabansu ba. Halas, magana ta ƙare, a cire shi."

Ban yi fushi ba, don na taɓa ganin irin wannan. A Alƙahira na koyi sana'ar nan, a hannun Ustaz Iliyahu, Bayahude. Na san kalmar tana da nauyi a kwanakin nan, amma mutum guda nake nufi, wanda na ci abincinsa. Shi ya koya mini cewa sai magana ta gaza ake ɗauko waƙa. Ya tufatar da 'yan wasa a matsayin Turkawa, ya tufatar da su Badawiyyai, ya tufatar da su manoman Masar, amma Bayahude bai taɓa hawa dandalinsa ba, sai marowacin da 'yan kallo ke so su yi wa dariya. Ranar da zai bar ƙasar ya riƙe hannuna ya ce, "Mahmudu, na sa waƙa a bakin kowa, ban bar wa ta mahaifiyata wuri ba." Har yau abin yana sosa mini rai.

Saleh, ɗana, ba a tilasta wa murya. In ka ƙi, ni zan rera da wannan maƙogwaron nawa, jama'a su yi haƙuri. Sai dai ka san wannan: jiya mahaifiyarka Hajiya Bashira ta aiko tana neman wurin zama bayan labulen mata. Larabcinta na cefane ne. Duk daren nan, baiti ɗaya tak za ta fahimta daga bakin ɗanta.

Allah ya shirya mana zuriya, ya jiƙan magabatanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.